Na'urar lissafi mai zane: wacce za a ce kawun Nana ya sayo?

Alhaji Lawali: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu ilimin boko na cikinmu. 'Yata Nana ta samu bak seri C bana, alhamdu lillahi, za ta shiga sashen kimiyya a Jami'ar André Salifou nan gida, ɓangaren lissafi da fizik. Ƙanen uwarta da ke zaune a Liyon ta ƙasar Faransa ya bugo ya ce zai yi mata goron cin jarabawa da na'urar lissafi irin mai zana hoton nan, akwai wani ɗan Damagaram da zai taso ƙarshen wata, sai ya ba shi saƙo. Ya turo sunaye huɗu ya ce mu zaɓa: Casio Graph 35+E II, TI-83 Premium CE, NumWorks da HP Prime. Ni lissafina bai wuce na buhun wake da gyaɗa ba. Ita kuma yarinyar ta ce duk wadda kawu ya ga dama, wai tana jin nauyin ta zaɓi mai tsada. Don Allah wanda ya sani ya haska mini.

Hajiya Balki: Wa alaikumus salam. Kai masha Allah, seri C kuma 'ya mace! Barka Alhaji, a gaida mini uwarta. Allah ya sa albarka.

Mushe Isufu: Barka Alhaji, Allah ya ƙara basira. Kafin a shiga zaɓe, akwai tambayar da ta riga dukan sauran: za a bar ta ta shiga ɗakin jarabawa da ita? Duk huɗun nan da ya lissafa an ƙera su ne da ɗan lise na Faransa a rai, ban da HP Prime da ta fi karkata ga injiniyoyi. A can ɗalibi yana shiga bak da irinsu. Jami'a kuwa wani sha'ani ne daban, kowane malami da dokarsa a kan takardar jarabawarsa. Idan aka kashe kuɗi mai yawa a kan abin da zai kwana a jaka ranar jarabawa, an yi asara.

Abdul'aziz: Gaskiyar Mushe ce, Baba Alhaji. Ina aji uku a fizik yanzu. A shekarar farko, analiz da aljebra, malaman da na yi karatu a hannunsu ko ƙaramar na'ura ba su yarda a ɗora kan tebur ba. Kuma ko sun yarda ba ta da amfani, domin tambayar ita ce ka nuna hujjar cewa jerin lambobi kaza yana da iyaka, ko ka nuna cewa abu kaza rukuni ne. Babu maɓallin da za ka danna ya ba ka wannan. A fizik da shimi ne ake cewa a zo da na'ura, su ma sau da yawa sai a rubuta a saman takarda cewa wadda ba ta ajiye rubutu. Abin da na fi dannawa tun da na shiga shi ne Casio fx-991, mara zane.

Zainabu Injiniya: Abdul'aziz, kana magana kamar jarabawa ce kaɗai karatu. Sa'o'i nawa ɗalibi yake yi a ɗakin jarabawa, nawa yake yi shi kaɗai da dare yana fama da tede, wato atisayen da malamai suke bayarwa a warware? Ni in za a tambaye ni, HP Prime, ba tare da wani dogon tunani ba. Baba Alhaji, bari in bambanta maka. Sauran ukun lamba suke ba ka. Ita wannan tana da abin da ake kira CAS, wato tana lissafi da haruffa kamar yadda mutum yake yi a takarda. Ka ba ta x·sin(x) ka ce ta fitar da deribe, wato saurin hawa ko saukar lissafin, sai ta rubuto maka sin(x) + x·cos(x). Sauran ukun sai ka faɗa musu a wane wuri kake so, su ba ka lamba ɗaya su yi shiru. Ɗalibar da ta yi aikinta da hannu ta cika shafi biyu tana bukatar wanda zai ce mata daidai ne ko ba daidai ba, kuma ƙarfe sha ɗaya na dare babu malami a kusa.

Mushe Isufu: 'Yata Zainabu, ɗalibi nawa kika sani da zai cika shafi biyun tukuna sannan ya tambayi na'ura? Na daɗe ina riƙe da alli. Na san abin da ake yi: a fara dannawa, a ga amsa, sannan a ƙirƙiro hanyar da za ta kai can.

Zainabu Injiniya: Mushe, ranka ya daɗe, yarinyar da ta ci seri C ba a wannan sahun take ba. Kuma wanda zai yi haka zai yi da waya ma.

Habu mai gyaran waya: Ni ban san deribe ba, amma ana kawo mini su gyara, don haka bari in faɗi nawa ɓangaren. Alhaji, ka duba abin da ke ba su wuta. TI-83 Premium CE da NumWorks da HP Prime duk batir ne irin na waya a ciki, wanda ake caji. Graph 35+E II kuwa pil huɗu ƙanana take ci, irin na rimot, AAA. A garin nan wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Batirin caji ba ya son zafi, kuma kun san yadda watan huɗu da na biyar suke yi mana, sama da digiri 40 a inuwa. Yaro ya bar ta cikin but ɗin babur a rana tun safe har azahar, bayan shekara biyu ko uku batir ya kumbura ko ya daina riƙe wuta. To ina za ka samu wani? Ni ban taɓa ganin batirin ɗayansu a kasuwar Dole ba, sai dai a sake bugo wa kawu. Pil kuwa ko mai tebur na bakin titi a Zango yana da shi.

Abu biyu dai ga mai pil. Kada a sa mata pil mai arha irin na tocila, a sa alkalin. Kuma in za a tafi dogon hutu a cire su. Wadda aka kawo mini kwanan baya an bar pil a ciki tun damina, ya tsiyaye ya ci ƙarfen da yake taɓawa har ya yi kore. Na kankare da ƙaramin burushi na goge da alkol, ta tashi, amma layi biyu na gilashin ba su dawo ba.

Alhaji Lawali: Malam Habu, wannan bayani naka na gane shi sarai. Na sauran ne nake bi a hankali.

Sanusi Kano: Baba Alhaji ina wuni. Ni a Kano nake karatu, Jami'ar Bayero, amma ɗan Birni ne. A ajinmu da wuya ka ga mai na'urar zane. Kusan kowa fx-991ES Plus ce a hannunsa, zane kuma a waya ake yi. GeoGebra kyauta ce, in ka sauke ta sau ɗaya tana aiki ko babu intanet, kuma hoton da take zanawa ya fi na kowace cikin huɗun nan kyau, da yatsa biyu kake buɗe shi ka matse. Akwai Desmos ma. Har ita NumWorks ɗin kamfanin ya saki manhajarta kyauta a waya, na'urar ce sak, maɓalli da maɓalli. Nana ta sauke yau ta gwada mako guda, ta ga ko abin ya kwanta mata kafin kawu ya fitar da ko sisi.

Abdul'aziz: Wannan shawara ta yi. Abin da ya sa nake son NumWorks shi ne ba sai ka karanta littafinta ba, kana kunnawa ka gane. Casio sai ka haddace F1 zuwa F6 da abin da ke ƙarƙashin kowanne.

Mushe Isufu: Tunda an zo maganar zane, bari in ba ku aiki ɗaya, duk mai na'ura ko waya ya gwada. Ku rubuta x³ − 100x, ku ce ta zana, kada ku taɓa komai a saitin taga. A irin tagar da TI take buɗewa da ita, daga −10 zuwa 10 a tsaye da kwance, abin da za ku gani wani layi ne kusan a miƙe tsaye yana ratsa tsakiya, da ɗan wani abu a gefe da gefe. Na sha ba yara wannan su ce mini miƙaƙƙen layi ne. Alhali kuwa lanƙwasa ce mai tudu da kwari. Ɗalibin da ya ɗauki biro zai ce deribe 3x² − 100 ne, yana zama sifili a wajen 5,77 da −5,77, in ka mayar cikin fonksiyon ka samu kusan −385 da 385. Wato tudun yana can sama, kwarin yana can ƙasa, nesa da inda gilashin yake nunawa. Sai wanda ya riga ya san wannan ne zai ce wa na'ura ta buɗe taga daga −400 zuwa 400, sannan hoton gaskiya ya fito.

Haka 1/(x − 1). Tsofaffin na'urori suna haɗa ɗigo da ɗigo, sai su ja wani layi a tsaye daidai x = 1, wurin da fonksiyon ɗin ba ta da ƙima sam. Yaro ya kwafe layin a takardarsa har da rula. Ban ce kada a saya ba. Cewa nake yi ita ba ta san abin da take zanawa ba, mai riƙe da ita ne ya kamata ya sani.

Sanusi Kano: Na gwada yanzu a waya, Mushe. Wallahi haka ne, sai da na yi ta matse hoton kafin tudun ya bayyana.

Dakta Mutari: Assalamu alaikum. Na ga an kira sunana a gefe an ce in leƙo. Alhaji barka da arziki. Ina koyar da lissafi a matakin lisansi, kuma abin da zan faɗa ra'ayina ne, ba dokar wata makaranta ba.

Na farko, na'urar zane ta yi zamaninta ne lokacin da babu wani abu a aljihun ɗalibi da zai yi wannan aiki. Casio ta fitar da ta farko, fx-7000G, a 1985, Texas Instruments ta biyo da TI-81 a 1990. A lokacin abin mamaki ne. Yau abin da ya riƙe kasuwarsu shi ne jarabawa: ba a yarda da waya ba, an yarda da su. Inda kuwa ba a yarda da su ba, sun rasa babban dalilinsu.

Na biyu, abin da ɗalibin lissafi da fizik zai bukata tun daga shekara ta biyu kwamfuta ce. Za a zo darasin lissafin lambobi, a ce ya rubuta hanyar Newton ko ta Euler da harshen kwamfuta irin Python ko Scilab, ya ja hoto, ya haɗa rahoton tepe, wato aikin gwaji. Gaskiya ne Graph 35+E II da NumWorks da TI-83 ɗin da aka rubuta wa Edition Python suna da Python a ciki, amma ɗan ƙarami ne, kuma rubuta layi talatin da waɗannan maɓallai azaba ce. Abin da Zainabu take yabo a HP Prime ma, injin lissafin da ke cikinta daga Giac aka ɗauko shi, aikin Bernard Parisse na jami'ar Grenoble, kuma shi ɗin ne Xcas da kowa zai iya saukewa kyauta a kwamfuta.

Ku yi lissafi. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ba ya motsi. Na'urar yuro 80 ta kama wajen jika 52 da rabi. HP Prime ta haura yuro 100 nesa. Da ni ne, zan ce kawu ya sayo fx-991 ta asali, sauran kuɗin a tara a kan kwamfuta ta hannu ko da wadda aka yi amfani da ita ce.

Zainabu Injiniya: Dakta, ban musa zancen kwamfuta ba. Amma kwamfuta tana son caji, tsohuwa kuma batirinta awa ɗaya ne in an yi sa'a. Ranar da wuta ta ɗauke tun la'asar fa? Na'ura tana yin makonni. Kuma waya, mu faɗi gaskiya, ka buɗe GeoGebra saƙo ya shigo, ka leƙa, sai ka farka bayan awa guda kana kallon bidiyon biki.

Dakta Mutari: Wannan na biyun na karɓa. Shi ne hujja mafi ƙarfi da aka kawo wa na'urar tun da aka fara zancen nan.

Alhaji Lawali: Dakta na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Sai dai akwai wani abu. Mutum ya ce zai yi wa 'yar 'yar'uwarsa kyauta, har ya je kanti ya dubo sunaye. Ni suruki in buɗe baki in ce a'a, ka kawo kuɗin, ko ka ƙaro ka sayi kwamfuta? Bakina ba zai iya ba. Ba haka muke da shi ba.

Hajiya Balki: Alhaji ai ba kai za ka faɗa ba. Uwarta ce za ta faɗa, ƙanenta ne, ita ta goya shi. Tsakanin ya da ƙane babu wannan nauyin. Kuma ba sai an ce ya fasa ba. A karɓi na'urar da godiya, ita kuma ta ɗan jefa masa cewa malamai sun ce baɗi za a nemi kwamfuta. Mai hankali ne, zai ji. A can nasu da suka ɗan tsufa ma ajiye su suke yi a kabad.

Alhaji Lawali: Hajiya kin san kan zance. Zan gaya mata.

Musa Telan Zamani: Ku gafarce ni, tambaya a gefe. Ɗana ya nuna mini 6÷2(1+2), na'urarsa ta ba da 1, ta abokinsa ta ba da 9. Wacce ce ta jabu?

Abdul'aziz: Babu ta jabu a nan, Malam Musa. Wasu na'urori, musamman na Casio da yawa, suna ɗaukar 2(1+2) a matsayin dunƙule ɗaya su fara da shi, sai a samu 6÷6. Irin su TI-83 suna bi daga hagu zuwa dama, 6÷2 tukuna sannan sau 3. Rubutun ne mai harshen damo. Ya ƙara baka biyu ya faɗi abin da yake nufi, kowace za ta ba shi amsa ɗaya.

Sanusi Kano: Amsar 9 ce dai.

Zainabu Injiniya: Duk wanda ya yi fizik ya ga 1/2π a littafi ya san ba haka ake karanta shi ba.

Shugaban zaure: Jama'a don Allah. An yi wannan gardamar bara har mutum biyu suka fita. A koma kan tambayar Alhaji.

Alhaji Lawali: Ga Nana, na ba ta wayar ta yi magana da kanta.

Ina wuninku iyayena da yayyena, Nana ce. Na gode da addu'o'i. Ina da tambaya biyu. Ta farko, kawu ya ce duk suna da wani abu wai yanayin jarabawa, in an kunna shi ana barin mutum ya shiga da su. Shin wannan bai warware matsalar da Mushe ya faɗa ba? Ta biyu, ina da fx-991ES Plus da na yi tarminal da ita, amma ƙawata ta ce jabu ce saboda tana jinkiri in na sa antegral. Yaya zan gane?

Mushe Isufu: Nana 'yata, sannu da ƙoƙari. Yanayin jarabawar nan dokar Faransa ce. Harafin E da kike gani a 35+E shi yake nufi. In an kunna shi, na'ura tana rufe duk abin da aka ajiye a ciki, rubutu da shirye-shirye, sai wata 'yar fitila a samanta ta riƙa ƙiftawa don mai tsaron jarabawa ya hango daga nesa. Sun tsara haka ne don bak ɗinsu. A nan kuwa, malamin da ya rubuta cewa ba a yarda da mai ajiye rubutu ba, ba lallai ya tsaya sauraron bayanin fitila ba, kuma mai tsaro da ɗalibai ɗari biyu a gabansa ba shi da lokacin bincika kowace. Zai ga babban gilashi ya ce a mayar jaka. Ba zan ga laifinsa ba. Abin da za ki yi, makon farko ki tambayi kowane malami da bakinki, cikin ladabi, me ya yarda da shi.

Kuma ki kiyaye, kada ki kunna shi don wasa. A Casio da TI ba a fita daga yanayin da danna maɓalli, sai an haɗa ta da kwamfuta ko da wata 'yar'uwarta ta hanyar kebul. Fitilar kuma tana ta ƙiftawa tana shan pil ko na'urar a kashe take.

Sanusi Kano: Ƙanwata, zancen jabu kuwa gaskiya ne ya yi yawa, nan da can duka, kuma 991 aka fi kwaikwaya saboda ita aka fi nema. Abubuwan da muke dubawa: ki karkata gilashin, ta asali rubutun yana nan baƙi ƙirin, ta jabu yana dusashewa. Maɓallan ta jabu suna kaɗawa, rubutun kansu yana gogewa cikin 'yan watanni. Wasu ma ɗan gilashin hasken ranan da ke sama ado ne kawai, ba a haɗa shi da komai ba. Akwai kuma gwajin da muke yi: ki sa ta a digiri, ki rubuta 9, ki bi da sin, cos, tan, sannan ki dawo da baya da tan⁻¹, cos⁻¹, sin⁻¹, duk a layi ɗaya. Ta asali tana ba da 9.000000007. In kika ga wata lamba can daban, to ba ita ba ce. In ta ba da daidai ma ba shaida ce cikakkiya ba, don wasu masu kwaikwayon sun ƙware.

Habu mai gyaran waya: Ta kawo mini ita shago in buɗe baya. Kusoshi ne 'yan kaɗan. In wayoyin gilashin rana ba su je ko'ina ba, an gama magana. Ba sai ta biya ba.

Dakta Mutari: Jinkiri a antegral shi kaɗai ba hujja ba ne, Nana. Na'urar tana yanka tazarar ne gunduwa-gunduwa tana tarawa har amsar ta daidaita, wasu fonksiyon suna ɗaukar lokaci ko a ta asali. Idan ta tabbata jabu ce, ki nemi fx-991EX ko wadda ta gaje ta, 991CW. ES Plus tana tsayawa a matiris 3 sau 3 da ekwasiyon masu ɓoyayyun lambobi uku, EX tana kai wa 4, kuma tana da teburan istatistik, loi normal da binomiyal, waɗanda za ki bukata. Abu ɗaya da zan roƙe ki, ko wacce kika riƙe: kafin ki danna sin ko cos, ki kalli saman gilashi ki ga D ne ko R. A jami'a kusan komai da radiyan ake yi. Sin 30 a digiri 0,5 ne, a radiyan −0,988. Makin da na ga an zubar a kan wannan ɗan harafin ya fi wanda aka zubar don rashin na'ura mai tsada.

Abdul'aziz: Wani abu kuma, Baba Alhaji. Tunda daga Faransa za a sayo, menu zai zo da Faransanci, wanda shi ne daidai da karatunta. Waɗanda ake kawowa ta Kano da Turanci suke. Ba matsala ba ce babba, amma sunayen ma sun bambanta. Wadda ake kira Graph 90+E a Faransa ita ce fx-CG50 a wasu ƙasashe. In za ta nemi bidiyon koyo, ta nema da sunan Faransa.

Zainabu Injiniya: To tunda na ga an taru a kan Casio, bari in sassauta amma da sharaɗi. Shi Bernard Parisse ɗin da Dakta ya ambata ya yi wa Casio wani ƙaramin Xcas mai suna KhiCAS, kyauta, kuma yana hawa Graph 35+E II. Ana sauke fayil ɗin a kwamfuta, a haɗa na'urar da wayar USB, ta fito kamar kile na ajiye fayil, a jefa shi ciki. Ba ta kai HP Prime sauri ba, gilashin kuma baƙi da fari ne, amma za ta fitar da deribe da haruffa. Nana ta zo gida ranar wata Lahadi in sa mata. Har yanzu dai ina nan a kan cewa wanda zai yi injiniya HP ce tasa.

Mushe Isufu: Ki bari ta gama zangon farko da hannunta tukuna, Zainabu, sannan ki sa mata.

Zainabu Injiniya: Mushe, wannan kuma tsakaninka da ɗalibarka.

Alhaji Lawali: Jama'a Allah ya saka da alheri. Ga abin da muka tsayar da uwarta. Za a ce masa Graph 35+E II, saboda zancen pil na Malam Habu, kuma ita ce ba ta fi tsada ba a cikinsu, yarinyar ta samu natsuwa. A haɗo da wayarta ta USB. Gobe za ta kai ƙaramar, wato fx-991 ɗinta, shagon Malam Habu, in jabu ce ni zan sayi wata da kuɗina. Zancen kwamfuta an bar wa uwarta.

Dakta Mutari: Ba zaɓina ba ne, amma ba a yi asara ba. In ƙaramar ta zama jabu, Alhaji, gara kawun ya haɗo ta daga can. Sai dai a kula, a kantunan Faransa fx-92 ta 'yan kolej aka fi samu, kuma ba ta yin antegral. A rubuta masa lambar 991 ɗin sak kada mai kanti ya ba shi wata.

Abdul'aziz: Baba Alhaji, don Allah in mai zuwan yana da wuri a jaka, ko zai riƙo mini murfin bayan Graph 35, na wajen pil? Nawa ya ɓace, da salatif nake ɗaure ta. Zan kawo kuɗin gida.

Alhaji Lawali: Ɗana, mutumin nan an riga an ɗora masa maganin ciwon ƙafa na tsohuwa da takalma ƙafa uku. Zan tambaya, amma ban yi alkawari ba.

Habu mai gyaran waya: Abdul'aziz ka biyo ta shago kafin a wahalar da baƙo. Akwai matacciyar Graph 35 tsohuwar fita a cikin kwalina, mai ita ya bar mini. Ka zo da taka mu gwada ko murfin zai shiga.